Neman shawara: kwamandar kumbona ta kasa sulhu, ni kuma na kasa sa ta buɗe wuta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Don Allah ku taimake ni da shawara, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina maƙale a babi na 32, ko layi ɗaya ban ƙara ba.

Bari in faro daga tushe. Ni labaran soyayya da zaman aure na saba rubutawa. Bara da azumi ƙanena ya kwanta rashin lafiya, ni na yi jinyarsa, shi kuwa ba abin da yake so irin hirar taurari da kumbo. In zazzaɓi ya hana shi barci sai in riƙa ƙaga masa labari har ya samu ya runtsa. Da Allah ya ba shi lafiya ya matsa sai na rubuta. Maigidana ya ce ba wanda zai karanta irin wannan da Hausa, ƙawata ta ce zan kori masu bibiyata, ni dai na ce na riga na yi wa yaron alkawari. Kuma alhamdulillahi ana karantawa.

Labarin shekara 300 ne nan gaba. Akwai kumbon yaƙi mai suna Gamzaki, kwamandarsa mace ce, marainiya, aminin babanta ne ya riƙe ta, shi ya koya mata tuƙin kumbo, shi ya aurar da ita, auren ya mutu, tana da 'ya ɗaya da ta bari a Duniya wajen tsohuwar kishiyarta (wannan ɓangaren ya ci babi shida, masu karatu sun so shi sosai). An tura ta Ceres, wata ƙaramar duniya a sararin samaniya, inda ake haƙo ƙanƙara a narka a samu ruwan sha da iskar shaƙa. Mahaƙan sun rufe tashar, shugabansu kuma shi ne wannan mutumin da ya riƙe ta. Daga babi na 24 zuwa na 31 tattaunawa ake yi, ta watse. Yanzu sai yaƙi.

Na rubuta wurin iri uku. Na farko su suka fara harbi, sai na ga na sauƙaƙa mata da yawa. Na biyu ita ta fara, sai na ji na tsane ta da kaina. Na uku mataimakinta ne ya harba ba da izininta ba, sai ta koma kamar ba ta iya riƙe mutanenta. Wanne zan ɗauka? Masu karatu sun dame ni da saƙo.

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Anti. Na farkon mana! Su harbo, ta rama, kowa ya huta. Babi takwas muna jin magana, wallahi yaƙin muke jira.

Malamin Fizik:
Ƙanwata, duka ukun ba za su yi ba, don kin tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci: nawa ne nisan da ke tsakanin Gamzaki da tashar, kuma nawa ne tsakaninta da masu ba ta umarni?

Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Daga nan zuwa wata daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne. Ceres kuwa tana can cikin jerin duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupita. In ta matso kusa da mu saƙo zai ci kamar minti 13 kafin ya isa, in ta yi nisa ya wuce rabin awa, kuma wannan zuwa ne kawai ban da dawowa. Ma'ana kwamandarki ba ta da wanda za ta tambaya. In ta aika ta ce in harba ko kada in harba, kafin amsa ta iso an gama komai. Labarinki a nan yake. Mace ita kaɗai, mariƙinta a gabanta, shugabanninta ba za su ji ta ba sai bayan ta aikata.

Na biyu, ki cire batun wa ya fara harbi yadda ake yi da bindiga a lungu. A sararin samaniya gudu shi ne makami. A ranar 26 ga Satumba 2022 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta kai wa wani dutse mai suna Dimorphos karo da kumbon DART, nauyin kumbon bai kai kilo 600 ba, ba bam a cikinsa, gudun kamar kilomita 6 a daƙiƙa kawai ya isa ya rage wa dutsen kimanin rabin awa a lokacin da yake ɗauka ya kewaya babban dutsen da ke kusa da shi. Saboda haka in wani kumbon mahaƙan ya kunna injinsa ya miƙo kan Gamzaki, ya riga ya zama harsashi ko da ba ya ɗauke da makami. Ki sa na'urar ta nuna mata abu yana tahowa, ta kasa tantancewa ko 'yan aike ne ko hari. Shi ke nan matsalarki ta warware.

Kuma don Allah kada ki rubuta ƙarar fashewa a waje. Babu iska, babu sauti.

Mai tambaya:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai a babi na 12 na riga na rubuta tana magana da hedikwata kai tsaye, har da 'yarta suka gaisa. An karanta, ba zan iya janyewa ba. Kuma shekara 300 ce fa, ai za a iya ƙirƙiro wata hanya.

Malamin Fizik:
Ba za a iya ba. Ko shekara dubu ce haske ba zai ƙara gudu don labarinki ba. Ki fito ki faɗa wa masu karatu kin yi kuskure a babi na 12, za su ƙara ganin girmanki. In kin ƙi, to ki sa mahaƙan su toshe hanyar sadarwar, ki dawo inda na ce.

Hajiya Mai Alƙalami:
'Yata, ni abin da na fi jiye miki ba babin ba ne. Kin ce masu karatu sun dame ki da saƙo, su nawa ne a ciki suka biya? Ni na kwana uku ban yi barcin kirki ba a kan babin ƙarshe na littafina, na saka shi ƙarfe tara na dare, kafin sha ɗaya wata ta kwafe ta watsa a zauruka huɗu, har da cire sunana. Da na yi magana aka ce ba ni da haƙuri. Tun daga ranar na daina barin kowa ya sa ni gaggawa. Ki ajiye wayar mako guda. Kuma shawarata kada ta harba ma sam. Mace ta ɗaga makami a kan wanda ya ci da ita ya sha da ita? Mutanenmu ba za su yafe mata ba, ke ma ba za su yafe miki ba.

Tsohon Soja:
Na karanta duka. Malam ya san lissafinsa, amma ya ba ta hanyar tsira ne, ya mai da abin ya zama laifin na'ura. Wanda ya taɓa riƙe mutane ya san nauyin ba ya sauka a kan na'ura.

'Yata, abin da na gani da idona: mai ba da umarni ba ya canzawa lokacin harbi, ya riga ya canza tun kafin nan. Yana cikin magana da ɗaya ɓangaren zai ji a ransa cewa ta ƙare, sai ki ga yana ci gaba da lallashi da baki, hannunsa kuma yana yi wa mutanensa alamar su shirya. Wannan ɗan tsakanin shi za ki rubuta. Umarnin kansa kalma biyu ce, ba a yin jawabi. Abin da ke ƙona mini rai a littattafan yanzu ke nan, a sa soja yana huci yana zare ido kamar yunwar jini yake ji. Mun binne abokai, wasunmu har yau ba sa iya cin nama a ranar da suka tuna. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu kafin ya rubuta.

Ki nemi labarin Vasili Arkhipov. Ranar 27 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin makaman Kyuba, jiragen ruwan Amurka sun tsare wani jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet, B-59, suna jefa masa ƙananan bama-bamai don ya fito. Na ciki sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba, ga zafi, batir ya kusa ƙarewa. Kyaftin ɗin ya ɗauka an fara yaƙi, ya so ya harba makamin nukiliya. Arkhipov, wani babban hafsa a cikin jirgin, ya ƙi amincewa, suka fito saman ruwa. Ki ba kwamandarki mutum irin wannan a gefenta, wanda zai ce a'a. In ta ture maganarsa ta harba, mai karatu zai san ta ji ɗaya ɓangaren kafin ta zaɓa.

Tambaya ɗaya: me mahaƙan suke nema? Ba ki faɗa ba.

Malamin Fizik:
Baba, misalinku ai maganata ya ƙarfafa. Me ya jefa B-59 cikin wannan hali? Yankewar sadarwa. Abin da nake faɗa tun farko ke nan.

Malamar Islamiyya:
In kwamandar Musulma ce, akwai abin da ba wanda ya ambata. A Suratul Anfal aya ta 58 an umarci wanda ke tsoron ha'inci daga mutanen da ke da alkawari da shi ya sanar da su a fili cewa alkawarin ya warware, kada ya afka musu suna ganin ana zaman amana. Aya ta 61 kuma ta ce in sun karkata ga sulhu a karkata. Ga kuma wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, kada a kashe mata da yara da tsofaffi, kada a sare itace mai 'ya'ya. Tashar da mutane ke shan ruwa daga gare ta fa? Ki sa ta kira mariƙin nata ta ce Baba, daga yanzu babu amana tsakaninmu, na ba ku awa kaza. Ni a nan zan yi kuka, ba a wurin harbin ba.

Malamin Fizik:
Malama, ba na jayayya da aya. Amma a lissafi, in ta ba su awa ɗaya ta kashe mutanenta. A can ba a ɓuya, zafin injin kumbo ana hango shi daga nesa mai nisa, sun san inda take da inda za ta kasance. Sannan ko ta yi nasara tarkacen zai dame ta. A Janairun 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraron ɗan'adam nata, ya tarwatse gutsattsari sama da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu har yanzu suna kewaya Duniya. Ta fasa wani abu kusa da tashar, ta rufe wa kowa hanyar ruwan da aka aiko ta ta buɗe.

Tsohon Soja:
To ka ga ka kawo dalilin da zai sa ta yi gargaɗin da kanka. Yaro, ba komai ake aunawa da lissafi ba.

Mai tambaya:
Na gode muku duka, wallahi kaina ya ƙara ɗaurewa. Hajiya, ba zai yiwu ta ƙi harbi ba, tun babi na farko na buɗe da ita tana tsaye gaban kotun soja ana tuhumarta da abin da ya faru a Ceres. Malama, akwai iyalai a tashar, har da yara, shi ya sa na biyun ya tsaya mini a wuya. Amma in ta ba su wa'adi sai an ƙara babi biyu na jira, mutane kuma sun gaji. Baba, abin da mahaƙan ke nema sirri ne, sai a babi na 40 zai fito.

Tsohon Soja:
Ita kwamandar ta sani?

Mai tambaya:
Ba ta sani ba. Shi ya ƙi faɗa mata.

'Yar Damagaram:
Yaya, ki yi haƙuri in faɗi gaskiya, ina bibiyar labarin tun farko. Babi takwas suna tattaunawa, ba ta san abin da yake so ba, mu ma ba mu sani ba. To a kan me suka kasa daidaitawa? Ni a babi na 29 na fara tsallake shafi. Yawancin maganarsu tuna baya ce, ranar da ya kai ta makaranta, ranar aurenta. Ina ganin shi ya sa harbin ya ƙi zama, ba ta taɓa miƙa masa wani abu ya ƙi karɓa ba.

Mai tambaya:
Ba haka ba ne ƙanwata. A babi na 27 ta yi masa tayin afuwa ya ƙi. Kuma tuna bayan da gangan na yi, don a ji zafin abin da zai biyo. Mutane da yawa sun ce babi na 29 ne ya fi taɓa su. In na tona sirrin yanzu babi na 40 ya mutu, kuma a kansa na gina littafin gaba ɗaya.

Hajiya Mai Alƙalami:
Kada ki tona. Masu cewa ki tona su ne gobe za su ce labarin ya yi sanyi. Ni an yi mini haka.

Malamin Fizik:
Ba sai ta tona ba in ta bi tsarina. Abu ya taso daga tashar, minti tara kafin ya iso, ba amsa a rediyo. Ki ba ni nisan da kike so da nauyin Gamzaki, yau da dare zan lissafa miki komai.

Mai tambaya:
Malam ban taɓa tunanin nauyinsa ba. Ina ganin dai na ukun zan gyara, mataimakin ya harba amma ita ta ɗauki laifin a kanta a gaban kotu. Ƙanena ma shi ya fi so.

Tsohon Soja:
In yaronta ya harba ba izini kuma ta rufa masa, ba ta cancanci kujerar ba tun farko. Ki sake tunani.

Malamar Islamiyya:
Yaran da ke tashar fa, suna ina lokacin da mataimakin zai harba?

Autan Zaure:
Anti to yaushe za a saka babin?