Ziyarar Yama daga Tawa

Baƙo: Salamu alaikum. Daga Tawa, ta ina ake bi zuwa Yama ganin masallacin nan da aka gina da ƙasa?

Ɗan Adar: Wa alaikumus salam. Shiga motar Ƙonni ka sauka Badagishiri, sai kabu-kabu ya ƙarasa da kai. Wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gininsa a 1962, masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ka fara gaida maigari da liman kafin ɗaukar hoto.

Magini: Malam, ka je da rani. Ruwan damina kan zaizaye yaɓe, azara ta jiƙe, rufi ya yi nauyi. Kada ka hau soro sai an yi maka jagora, matakalar ƙasa tana marmashewa. Ka kauce wa lokacin sallar Juma'a.