Mota ta daina ja a hawa, ashe intakula ce: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Direban tirela: Slm jama'a. Na ɗauko lodi zan shiga Jos, a Hawan Kibo motar ta kasa ja, sai baƙin hayaki kawai take zubarwa kamar ana ƙona taya. An canza min nozul har da filtar mai, kuɗi sun tafi a banza, daga baya wani yaron gareji ya zuba ruwan omo a jikin intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo, sai ga kumfa na tashi, ashe tsagewa tayi iskar turbo tana gudu. Wlh har kunya naji.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Oga sannu, da ka saurara da zaka ji tana fito in ka taka totur. Abin da yake faruwa, turbo in ta matse iska zafi take ɗauka sosai, takan wuce digiri 150, ita kuma iska mai zafi buɗewa take yi bata da nauyi, shi yasa ake bi da ita ta intakula, wannan ƙaramin lagireton na gaba, ta huce ta sauko kusan 50 kafin ta shiga inji, sai iskar da ke shiga silinda tafi yawa gas ya ƙone da kyau. In ka cire tiyo kaga baƙin mai kwance da yawa a ciki, to turbo zaka duba.

Mai kula da janareto: Irin wannan mai sanyaya iskar a janaretonmu na masana'anta aftakula ake ce masa kuma ruwa ne ke sanyaya shi. Amma ƙurar hunturu bata bar kowa ba, muna da ƙarami wanda iska ke sanyaya shi, duk sati sai na hure shi. Dan Allah kar a kusanto da bakin injin wankin mota, lanƙwasa siraran haƙoran lagireton yake.

Mai fentin mota: Ni ta kwamfuresa ta same ni. Ina fesa bonet sai naga ƙuraje ƙuraje a jikin fentin, nace ko tinar ce jabu, nayi ta faɗa da mai shago bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ashe ruwa ne, iskar tana fitowa da zafi sai ta huce a cikin tiyo tayi raɓa. Da aka sa min aftakula kafin tanki ruwan a nan yake taruwa, kullum da yamma in buɗe ƙasa in tsiyaye, da damina kam har mamakin yawansa nake.

Direban tirela: Malam bakanike, walda za'a yi mata ko in haƙura in nemi ta gwanjo?