Wai a 2038 na'urori za su mutu? Ku ba ni shawara kafin in biya

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Jiya wani yaro ya shigo shagona da jaka a rataye, ya ce akwai wata rana da ke tafe a 2038 da duk abin da ke amfani da lantarki zai rikice ya daina aiki. Ya lissafa kwamfuta, injin fotokwafi, kyamarar tsaro, inbata, har da firji. Wai yana da manhajar kariya da zai sa wa kowanne, naira dubu takwas-takwas. Kwamfuta shida gare ni a shagon. Ni dai raina bai kwanta ba, don irin wannan surutun aka yi mana a 1999 kuma muka wayi gari lafiya lau. To amma ya nuna mini a wayarsa, har da rana da daƙiƙa. In biya ko in sallame shi?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Firji kuma? Baban Khalifa, firjinka ya san yau wace rana ce? Don Allah sallame shi.

Mai gyara, Farm Centre:
Yallaɓai ko sisi kada ka ba shi. Kuma kada ka bari ya soka filashinsa a kwamfutarka, abin da ya fi damuna ke nan. Kana buga wa mutane takardun makaranta da na banki, ba ka san me zai kwasa ko me zai zuba maka ba.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya kyauta. Ni da na ga 1999 da idona ba mai sake tsorata ni da kalanda. Wata da watanni rediyo ba ta da zance sai Y2K, wato rikicewar da aka ce kwamfutoci za su yi da shigowar shekarar 2000: jirage za su faɗo, bankuna za su manta kuɗin mutane, makamai masu linzami za su tashi da kansu. Daren 31 ga Disamba ya faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan, ga sanyin hunturu. Muka fita tahajjud, muka dawo muka yi sahur, ban ga abin da ya canza ba. An ce wuta za ta ɗauke a duniya, mu a unguwarmu dama ba ta nan, sai muka rasa yadda za mu gane ko annobar ta iso.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuɗin ne. An ƙiyasta duniya ta kashe wajen dala biliyan 300 a kan gyaran, Amurka kaɗai kusan biliyan 100. Italiya da Koriya ta Kudu ba su kashe abin a-zo-a-gani ba, kuma su ma lafiya suka kwana. To wa ya ci riba? Masu sayar da sabbin kwamfutoci da masu ba da shawara a biya su. Yaron nan jikansu ne, ya zo da nasa ƙaramin ƙoƙon.

Alhaji mai ritaya:
Malam, a kan yaron muna tare, amma a kan 1999 ka ɗan sassauta. Ni a banki nake aiki a lokacin, kuma ban yi tahajjud a masallaci a daren ba, a ofis muka kwana. Matsalar gaskiya ce. Tsofaffin manhajoji da lamba biyu suke rubuta shekara, 98, 99, don a zamanin da aka rubuta su wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi. In 00 ta zo sai na'ura ta ɗauka 1900 ce. Ka ɗauki wanda ya karɓi bashi a 97: a cire 97 daga 00, lissafin kwanakinsa ya koma baya. Mun gwada a na'urar gwaji tun kafin lokacin, mun ga shirmen da ta fitar, aka gyara. Wanda ya toshe rufin ɗakinsa kafin damina, in ruwa bai zuba ba ai ba za a ce masa dama ba a yi ruwa ba.

Inda na yarda da kai shi ne an zuzuta. Batun wai lif da injin wanki da mota za su tsaya duk ƙari ne.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya ƙara girma Alhaji, na karɓi ta banki. Amma Italiya fa? Su wa ya toshe musu rufin?

Alhaji mai ritaya:
Wani ɓangare masu manhajar ne, don wadda aka gyara a Amurka ita ake sayar wa kowa. Sauran kuwa, wataƙila kana da gaskiya, an kashe fiye da kima. Ban taɓa cewa duk dalar da aka kashe ta halatta ba.

Injiniya Zariya:
Bari in shigo, don ranar da yaron ya nuna ba ƙirƙirarta ya yi ba. 19 ga Janairu 2038 ce, ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 agogon GMT, wato 4:14 na asuba a Najeriya da Nijar. Akwai tsarin da ke ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, yana zuba adadin a ma'aji mai bit 32 (bit shi ne ma'aunin girman ma'ajin). Iyakar abin da ma'ajin ke ɗauka 2,147,483,647. Kun san carbin nan na dannawa da in ya kai 9999 sai ya koma 0000? Haka ne, sai dai wannan in ya cika Disambar 1901 yake komawa.

Tambaya biyu za ka yi wa kowace na'ura a shagonka. Tana riƙe kwanan wata? In tana riƙewa, tana yanke wani hukunci da shi? Firji, fanka, sitabilaiza, janareto, ba ruwansu. Inbata batir da lodi take kallo. Injin fotokwafi ko agogonsa ya ce 1901 zai ci gaba da buga takarda. Kwamfutocin da ake sayarwa yanzu masu bit 64 ne, ma'ajin da ba zai cika a 2038 ba, wayoyi ma sun fara komawa can tun daga iPhone 5s a 2013. Windows kuma ba da wancan ma'ajin take ƙirga nata lokacin ba, sai dai wata tsohuwar manhaja da aka ɗora a kai. A duk jerinka akwatin kyamarar tsaro kaɗai zan sa wa ido, don yana buga rana a kan bidiyo, kuma irinsu da yawa ƙaramin Linux ne a ciki, manhajar da ke amfani da wancan ƙirgen daƙiƙoƙin. Shi ma gyaransa daga kamfanin da ya ƙera shi yake zuwa. Babu wata manhaja guda da za a zuba wa firji da kyamara da kwamfuta ta warkar da su duka, wannan maganin a-sha-a-shafa ne na bakin tasha.

Kuma tsakani da Allah, akwatin da ka saya yau zai kai 2038 a wannan zafi da ƙurar da wutar da ke hawa da sauka?

Maman Sadik:
Injiniya, to abin da aka yi mana na mitar wuta a 2024 fa? Shi ma irinsa ne? Don ni na sha layi.

Injiniya Zariya:
Shi ne misali mafi kusa da mu, Hajiya. Kowane katin wuta mai lamba 20 yana ɗauke da lokacin da aka sayar da shi, don kada a loda shi sau biyu. Ana ƙirga mintuna ne tun daga 1 ga Janairu 1993, ma'ajin kuma mintuna 16,777,216 yake ɗauka, suka cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Ki lura da yadda abin ya kasance: mita ba ta fashe ba, ba ta ɗauke wuta ba, kuɗin da ke ciki bai ɓace ba. Sabon kati kawai take ƙi. Maganin kuma lambobi ne kashi biyu da ake dannawa, su mayar da farkon ƙirgen 2014, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ce kyauta ne. Sabon ƙirgen zai kai 2045.

Maman Sadik:
Kyauta a takarda. A layinmu wani ya bi gida-gida yana karɓar dubu biyu wai kuɗin sabuntawa, alhali lambobin suna jikin rasit. Ni 'yata ce ta danna mana. Shawarata ga mai tsohuwar mita da aka daɗe ba a loda ba, kamar gidan haya da ya zauna a rufe: ya je ofishin wuta da lambar mitar da kansa, kada ya ba ɗan tsakiya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan. Ni tawa kwamfutar kullum na kunna sai ta ce muna 2009, intanet kuma ya ƙi buɗe shafuka, yana cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ko tawa 2038 ɗin ce ta yi sammako?

Mai gyara, Farm Centre:
Hahaha, a'a ɗan uwa, batir ne. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a kan allon cikin kwamfuta, CR2032, bolt 3, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. In ya mutu sai ta koma ranar da aka saita mata a masana'anta. Shafukan kuma suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce 2009 sai ta ga takardar ba ta fara aiki ba. Canza batir, saita rana, ka sa agogon ya riƙa daidaita kansa da intanet. Wannan ita ce cutar kwanan wata da nake gani kowane mako. In kwamfutar tebur ce, aikin minti biyar ne. Laftof wani lokaci batirin a naɗe yake da 'yar waya, sai an kwance, kai wa mai gyara.

Malam na Tudun Wada:
Kun gani ko. Batirin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Alhaji mai ritaya:
Malam ba ka gajiya. To ga naka: a farkon 2010 katunan banki wajen miliyan 30 suka ƙi aiki a Jamus saboda guntun da ke jikinsu ya kasa karanta shekarar. Ranar 29 ga Fabrairu 2024 kuma famfunan mai na biya-da-kanka suka tsaya a New Zealand, don manhajar ba ta san da ranar ba. Ba wanda ya yi musu shela, ba wanda ya tsorata, sai ga shi. Wanda aka yi wa gangami ana gyara shi, wanda ba a lura da shi ba ne ke kayar da mutane.

Malam na Tudun Wada:
Kuma aka gyara su cikin kwanaki, duniya ba ta tashi ba. A nan dai muka haɗu, Alhaji.

Baban Khalifa:
To in sa ranar kwamfutocin a 2038 in gani da idona?

Injiniya Zariya:
Ba a kan wadda kake aiki da ita ba. Manhaja mai lasisi tana iya ɗauka wa'adinta ya ƙare ta kulle, akwatin kyamara kuma yana iya share tsohon bidiyo. In kana son gwaji, ɗauki wadda ba komai a kanta, cire ta daga intanet, sa 19 ga Janairu 2038 ƙarfe 4:10 na asuba, ka zauna minti biyar kana kallo. Amma in da ni ne, dubu arba'in da takwas ɗin nan faifan ajiya na waje zan saya in kwafe aikin mutane. Sannan ka duba wace Windows ke kansu. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, wannan ranar ta fi 2038 shafar shagonka.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yaron ya dawo ɗazu, na tambaye shi ta ina zai soka wa firjin manhajar, ya ce zai je ya tambayo ogansa. Na duba kwamfutocin kuma, biyu agogonsu ba daidai ba ne, ashe shi ya sa ɗayar ke ƙin buɗe shafin rajistar jarrabawa. Mai gyara, batirin nan wanne zan saya?

Mai gyara, Farm Centre:
Wanda ke rufe a kwalinsa, Panasonic ko Maxell, ka duba ranar lalacewa a baya. Kada ka karɓi na zube da ake tarawa a roba. Ka sayi shida ka canza duka rana ɗaya, kuma ka zare wayar wuta kafin ka buɗe.