Wadar zuci ta ishi mai bi, ko kuwa sai da abin hannu?

Istifanus: Salama a gare ku 'yan'uwa. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba wani ya ce wanda ya san Yesu da gaske ba zai ƙara kukan rashi ba. Ni kam na yarda. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshi ko a yunwa. In wanda ke ɗaure ya faɗi haka, mu da muke kwana a ɗakunanmu me za mu ce?

Mama Rifkatu: Istifanus ɗana, ba ka fara ciyar da gida ba tukuna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai gwauraye a zumuntar mata da ba sa hura wuta sau biyu a rana. Ka je ka ce musu kukansu rashin bangaskiya ne? Yakubu, a wasiƙarsa da ke cikin Sabon Alkawari, ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu rabbana.

Bitrus: Ku biyun duk kun rage wa Allah iko. Talauci ba rabon ɗan Allah ba ne. Ka shuka iri da bangaskiya, ka girbe ninki.

Mama Rifkatu: Bitrus, wannan wa'azin ne ya sa wata ta sayar da akuyarta ta kai bagade, yau ba akuya ba ninki. Ai shi kansa Bulus ɗinkin tanti yake yi da hannunsa.

Fasto Yohanna: Ku ba ni dama. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A watan Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatarmu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos, jama'a suka watsu cikin duwatsu da Kamaru. Na ga dattawan da suka rasa gida da rumbu da 'ya'ya. Sun yi kuka, kuka mai tsanani, amma da gari ya waye sai su taru ƙarƙashin itace su yi waƙar yabo. Haka Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kashe a watan Janairun 2020: a bidiyon da aka ɗauke shi a hannun waɗanda suka kama shi, ya yi magana a natse, ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah. Bitrus, wane iri ne mutanen nan suka kasa shukawa? Kai kuma Istifanus, wadar zuci ba ta hana hawaye. Abin da take hanawa shi ne mutum ya ɗauka ransa ya zama banza don hannunsa ya bushe.

Istifanus: Baba Fasto, na ji. Amma in muka buɗe ƙofar kuka, ina iyakarsa da gunaguni irin na Isra'ilawa a jeji?

Fasto Yohanna: Zabura cike take da kuka, amma ga Allah ake kai shi. Na jeji kuwa so suka yi su juya su koma Masar.

Bitrus: Ni dai har yanzu ban ga laifin roƙon arziki ba.

Mama Rifkatu: Roƙa mana, ba wanda ya hana ka. In ya zo, akwai mata uku a unguwarmu da kuɗin makarantar 'ya'yansu ya gagara. Lahadi bayan sujada ka same ni, in kai ka gidajensu.