Kayan aiki da agajin gaggawa ga karen teriya a gonakin Ingila: me ya kamata a tanada?

Baƙon Gona:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Akwai aikin rage ɓeraye da zomaye a wata gona a arewacin Ingila, da ƙananan karnukan nan teriya guda biyu, Patterdale ɗaya da Jack Russell ɗaya, kowanne bai wuce kilo 7 ba. Wani lokaci sukan faɗa rami. Waɗanne kaya ne dole a riƙe, kuma me ake zubawa a jakar agajin gaggawa? In kare ya fito da rauni, daga ina ake farawa?

Sarkin Dawa:

Wa alaikumus salam. Kafin maganar shebur, san inda doka ta tsaya. Dokar farauta ta 2004, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta bar farautar ɓera da zomo da kare matuƙar mai fili ya yarda. Tura kare cikin rami bayan yanyawa kuwa sharuɗɗansa masu tsauri ne: kare ɗaya tak a ƙasa a lokaci guda, takardar izinin mai fili a aljihunka, dalilin ya zama kare tsuntsayen da ake kiwo domin harbi, kuma mai bindiga ƙwararre ya harbe dabbar da zarar ta fito. Ramin dagen Turai, wanda suke kira baja, kada ma ka kusance shi. Dokar 1992 ta hana taɓa shi da ramin nasa, kuma ko kare ne ya shiga da sakacinka, kai za a kama. Ana gane ramin da faɗin baki, tulin ƙasa babba a ƙofa, da busasshiyar ciyawar shimfiɗa da ya jawo waje.

Sai kaya. Na farko shi ne kwalar gano wuri, wadda ake ɗaura wa kare a wuya, da akwatinta, irin na kamfanin Deben ko Bellman & Flint. Kwalar tana aika sigina daga ƙarƙashin ƙasa, akwatin yana nuna maka inda karen yake da zurfinsa. Ko zomo kawai kuka fita nema, a ɗaura ta, domin teriya ba ya neman izini kafin ya shige. Sa sabon batir ranar fita, naɗe murfin batirin da tef don ruwa da laka, sannan ka gwada ta a fili: ajiye kwalar, ja da baya taku goma, ka ga ko akwatin ya kama. Sanyi yana cinye batir da wuri, saboda haka riƙe na ko-ta-kwana a aljihun ciki. Kwalar gida mai zobe da lamba a cire ta kafin aiki. Zoben nan ne ke maƙalewa a saiwa ya shaƙe kare.

Na haƙa: shebur mai kaifin baki, ƙaramin shebur siriri na yanka yumɓu, sandar ƙarfe mai kai kamar harafin T mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, zarto mai naɗewa na saiwoyi, tocilar goshi, da igiya da turke na ɗaure kare na biyu. Sandar ana soka ta a hankali har ka ji ta faɗa fanko, ka san ka kai rufin ramin, kuma ƙofar da ta buɗe tana shigar da iska. Haƙa da faɗi, kada ka yi rijiya. In zurfi ya wuce ƙugu a jigawa, bango na iya zaftowa kan mai haƙa da karen duka, don haka kada mutum ɗaya ya yi aikin. Taƙi biyun ƙarshe da hannu ake ƙwaƙule su.

Likitan Dabbobi:

Malam Sarkin Dawa ya gama da haƙa, bari in ɗauki jaka. Ruwan gishiri na asibiti lita ɗaya, sirinji babba na mil 20 ko sama ba tare da allura ba, gozi (yadin asibiti mai raga-raga na rufe rauni) mai yawa, auduga, bandeji mai manne kansa nau'in Vetrap guda uku, filasta, almakashi mai dakusasshen baki, hantsaki, ƙugiyar cire kaska, ma'aunin zafi, safar hannu, tawul biyu, bargo, takunkumi daidai bakin karen, da lambar asibitin dabbobi mai aikin dare a rubuce a takarda. In ruwan asibiti ya ƙare, giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin lita.

Da kare ya fito, sa takunkumi tukuna. Karen da ke jin zafi yana cizon ubangidansa. Amma in yana amai ko numfashi na yi masa wuya, a bar bakin a buɗe. Ɗaga leɓe ka duba dasashi: danna da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ya yi fari fat ko shuɗi-shuɗi, bar komai ka kama hanyar asibiti. Ka tuna kare mai kilo 7 jinin jikinsa gaba ɗaya kusan mil 600 ne, ɗan abin da ya ɗara gorar ruwa ƙarama. Abin da za ka raina a ƙasa, a wurinsa babban rashi ne. Jini na zuba, danna gozi da ƙarfi minti biyar cur ba ɗagawa. Masu leƙawa kowane rabin minti su ne ke ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Ya jiƙe, ɗora wani a kai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cizo. A fata za ka ga 'yar ƙofa kamar ƙwayar gero, alhali haƙori ya shiga ya yaga nama a ciki, ya bar aljihu cike da ƙasa da yawu. Rage gashin gefen, cika sirinji, ka fesa ruwan gishiri da ƙarfi cikin ƙofar, ka maimaita har ruwan da ke fitowa ya yi garau. Rabin lita a rauni ɗaya ba ɓarna ba ce. In za a ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sirka shi: kulohekzidin mai ƙarfin kashi 2, mil 25 a lita ɗaya, aidin kuwa a sirka har ya koma kalar shayi marar kauri. Kulohekzidin ba ya shiga ido ko cikin kunne. Sifirit da haidirojin ferokzaid suna kashe naman da zai warke, a bar su a gida.

Wuraren dubawa su ne haɓa, ƙasan muƙamuƙi, cikin leɓe, hanci, hammata da tsakanin yatsu. Rauni a ƙirji ko ciki, ko leɓen da ya saɓule daga muƙamuƙi, na likita ne nan take. In ka ji iska na fita daga raunin ƙirji, rufe shi da gozi da leda ka tafi.

Mai Kiwon Tsuntsaye:

Likita, a yi min afuwa, da yawa daga masu teriya suna riƙe na'urar ɗinki mai maƙala ƙarfe ko gam na fata. In yanka ne mai tsabta, kamar na wayar shinge, me zai hana a rufe shi a wurin?

Wani abin da ba a ambata ba shi ne ido. Kusan duk karen da ya yi haƙa yana fitowa da ƙasa a ƙarƙashin fatar ido. A wanke da ruwan gishiri zalla daga gefen hanci zuwa waje. In washegari yana ƙanƙance idon ko yana hawaye, ƙila ƙwayar ta karce, sai likita. Sannan sanyi: karen da ya yi awa biyu a jiƙaƙƙen rami a watan Janairu zai fito yana karkarwa. A goge shi da tawul, a naɗe da bargo, a sa a mota kafin a tsaya tattara shebur.

Likitan Dabbobi:

Alhaji, wayar shinge ma ba ta da tsabta, kuma a fili da tocila ba ka iya sanin zurfin yanka. Ka rufe fata a kan datti, ka yi wa ƙwayoyin cuta ɗaki mai ɗumi marar iska. Kwana biyu zuwa uku wurin ya kumbura ya tara mugunya. Wanke, rufe da gozi, kai shi a ranar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko na allura a Ingila sai da takardar likita, kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta sa barin kare da rauni ba magani laifi ne. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jikin mutane. Ibufurofen yana gyambace ciki ya lalata ƙoda, kuma ƙwaya ɗaya ta babba ta isa ta yi wa ɗan kare irin wannan illa.

Naɗin ƙafa: sa auduga tsakanin yatsu, fara daga ƙasan dagi ka hau sama, ka haɗa da dagin duka. Vetrap yana ƙara matsewa bayan an naɗa, don haka warware shi daga naɗinsa tukuna sannan ka ɗora ba ja. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39 da ɗigo 2. Ƙasa da 37 sanyi ya kama shi. 41 kuwa zafi ya buge shi, a zuba masa ruwan sanyi tun kafin a shiga mota.

Tunda ɓera ne babban aikin, ɗan'uwa mai tambaya ya kula da abu biyu. Fitsarin ɓera yana ɗauke da cutar leftosifirosis, mai kama hanta da ƙoda, kuma tana kama mutum, shi ya sa safar hannu. Rigakafinta kowace shekara ake sabuntawa. Na biyu, tambayi mai gona ko an zuba maganin ɓera. Yawancinsa mai hana jini daskarewa ne, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwana uku zuwa biyar: kasala, farin dasashi, tari, jini a hanci ko kashi. Kada a jira alamu, kada kuma a ɗura masa gishiri don ya yi amai. A ɗauki kwalin maganin a tafi da shi, likita ya san nau'insa; bitamin K1 ake bayarwa na makonni.

Sarkin Dawa:

Ƙari ɗaya na lokacin ɗumi. Maciji mai dafi guda ɗaya ne a Birtaniya, wanda suke kira ada, kuma daga Maris zuwa Oktoba yakan fito shan hantsi a bakin ramuka da gefen daji. Yawanci a fuska ko ƙafar gaba yake sara, wurin ya kumbura cikin ɗan lokaci. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. Cire kwalar in saran a kai ko wuya yake, saɓa karen a kafaɗa kada ya taka da ƙafarsa, ka buga wa asibitin waya kana hanya domin ba kowanne ke ajiye maganin dafin ba.