Neman shawara: ganyenmu yana yin baƙi, hotunan ƙwarinmu kuma ba a gane su

Malamin Bayoloji, Haɗeja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makarantarmu ta sakandare mun kafa ƙungiyar ɗalibai masu rubuta tsirrai da ƙwarin da ke fadamar bayan makaranta. Abu uku ne suka sha mana kai. Ganyen da muke dannewa a cikin littattafai yana yin baƙi, ya yi fumfuna, tun da damina ta kankama. Ƙwarin da yara ke kawowa a kwalba suna ruɓewa, ko kiyashi ya cinye su. Hotunan da muka ɗora a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu domin masana su tantance su, kuma shiru, ba wanda ya sa musu suna. Wutar lantarki ba ta zama a nan, kuɗi ma ba yawa. A taimaka mana da dabarar da za ta yi aiki a irin wannan hali. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. A fara raba ganye da littafi. Takardar littafi ba ta shan ruwa sosai, iska kuma ba ta ratsa ta, sai ganye ya zauna cikin laimarsa har ya ruɓe. Wannan baƙin ruɓewa ce.

Kafinta ya yanko muku katako sirara guda 2, kowanne santimita 30 a faɗi, 45 a tsawo, ya huhhuda su. Ku tara tsofaffin jaridu da kwalin indomi ko na sabulu, ku yanka daidai girman katakon. Ku lura da ramukan da ke cikin kwali: a yanka yadda za su bi ta gajeren gefe, domin ta nan iska ke wucewa. Jeri shi ne katako, kwali, jarida, tsiro a cikin jarida mai ninki, wata jarida, kwali, haka har sama. A ɗaure tam da igiyar roba irin wadda 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita, biyu a giciye.

Sirrin duka yana wurin canza jarida. Washegari a canza, a ci gaba kullum har kwana 4, daga nan duk bayan kwana 2. A shanya wadda ta jiƙe, a sake amfani da ita. A canjin farko ne ake gyara zaman ganye, tun yana da laushi: a miƙe wanda ya naɗe, a kifa ɗaya ko biyu domin a riƙa ganin bayansu. Da damina ana bukatar ɗumi. A jingine maɗannin, wato wannan ɗaurin katako da kwali, a kan gefensa, kimanin mita 1 sama da kurfoti mai garwashin da aka rufe da toka, ɗumin ya riƙa bi ta ramukan kwali. Ɗumin da hannu zai jure ake so, wajen digiri 40. In ya fi haka ganye zai dahu, ya yi ja, ya riƙa karyewa. Idan ya sandare, kuma aka taɓa shi da bayan hannu ba a ji sanyi ba, ya bushe.

Abin da za a yanko: reshe mai tsawon santimita 30 da ganye da fure ko ɗa. Ganye kaɗai sau da yawa ba ya isa a gane tsiro. Ciyawa irin su gamba da ƙarangiya a tumɓuko da saiwa, a kakkaɓe ƙasar, a lanƙwasa in ta yi tsawo. Bagaruwa da tsamiya ƙananan ganyensu na saurin zubewa, don haka a danne su nan take a fili, kada a bari su kwana a leda. Manyan 'ya'ya kamar goriba da aduwa a busar da su daban, a sa musu lamba ɗaya da ta reshen. Tumfafiya kuwa a ja wa yara kunne, nononta yana yi wa ido illa ƙwarai.

Hajiya Malamar Tsirrai, Zariya:
Baba ya gama magana kan busarwa, sai dai kurfoti da jarida a hannun ɗalibai ban natsu da shi ba. In ba malami ne zai tsaya a kai ba, a ɗora maɗannin a kan rufin kwano da rana, a shigar da shi kafin la'asar ko da zarar hadari ya taso.

Nawa jan hankalin kan rubutu ne, Malam. Tsiron da aka busar da kyau amma ba a san ranar da aka ɗebo shi da inda aka same shi ba, ba masanin da zai iya aiki da shi. Kowane tsiro a ba shi lamba a wurin da aka yanke shi, a rubuta lambar a jikin jaridar da kuma littafin fita, da fensir, domin biro yana narkewa in ya jiƙe. A gaban lambar a sa kwanan wata, sunan wuri da lambobin GPS daga waya, irin ƙasar (laka, jigawa, bakin ruwa), tsayin tsiron, launin fure, ƙanshi ko wari, da ko yana fitar da nono in an karya. Launi da ƙanshi su ne ke ɓacewa bayan bushewa, saboda haka su za a fara rubutawa.

Sunan Hausa a rubuta shi yadda mutanen wurin suka faɗa, a nuna wa ya faɗa, manomi ne ko makiyayi ko mai magani, kuma ɗan wane gari ne. Kada ku gyara shi ya dace da na littafi. Sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel, wani Bature masanin tsirrai, ya tattara ya buga a 1916 har yau ana dubawa, amma suna yakan bambanta tsakanin Haɗeja da Katsina da Maraɗi, kuma suna ɗaya yakan rufe tsiro biyu. Kalgo misali ne: akwai Piliostigma reticulatum mai santsin bayan ganye, akwai Piliostigma thonningii mai gashi-gashi launin tsatsa a bayan ganye, duk kalgo ake ce musu. Shi ya sa Baba ya ce a kifa ganye. Haka magarya da kurna: bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne. Ku koya wa yara da tafasa da rai-ɗore, tunda suna ko'ina yanzu. Tafasa ƙananan ganyenta jeri 3 ne na biyu-biyu masu zagayayyen baki, rai-ɗore jeri 4 zuwa 5 masu tsini. Gawo kada ku wahalar da kanku a Agusta, ba ganye a jikinsa, sai ruwa ya ɗauke yake tohowa. Amma ku rubuta ranar da ya fara toho, wannan ma bayani ne mai daraja.

In kun tara masu kyau, ku riƙa yin biyu-biyu, ku kai ɗaya ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a tabbatar muku da suna.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Gaskiyarki Hajiya, malami ne zai kula da wuta. Sai dai a Agusta akan jera kwanaki rana ba ta fito sosai ba, kuma kwana 2 cikin laima ya isa fumfuna ta kama. A irin wannan lokaci a ninka canjin jarida, safe da yamma.

Mai Bibiyar Ƙwari, Kano:
Malam, shawarata a daina kawo ƙwari a kwalba. Mafi yawan abin da kuke bukata hoto zai ba ku. A fita da sassafe, daga ƙarfe 6:30 zuwa 8, lokacin jikinsu bai ɗumama ba, mazari da malam-buɗe-littafi suna zaune lamo a kan ciyawa. Kada a jawo hoto da yatsa, yana ɓata shi. A matsa da wayar zuwa santimita 10 ko 15, a taɓa ƙwaron a fuskar waya har ya fito sarai, a ɗauka da yawa, daga baya a yanke gefe. Ana son ta sama, ta gefe, da ta fuska, a ajiye tsinken ashana a kusa domin a gane girma. A ɗauki tsiron da aka same shi a kai.

Ga abin da ya sa kusurwa ɗaya ba ta isa. Malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da kuke gani a kan tumfafiya, Danaus chrysippus ne, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin ya zauna a jikinta, tsuntsaye su guje shi. Akwai wani kuma, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta kwaikwayi kamanninsa sak. A fiffiken baya ake raba su: Danaus yana da baƙaƙen ɗigo 3 a tsakiya, namiji 4, ita kuwa mai kwaikwayon ba ta da wannan jeri. In hoto bai nuna fiffiken baya ba, masani zai wuce shi.

Abin da yara za su fi so shi ne kiwon tsutsa. A sa ta a kwalba mai faɗin baki, a rufe da yankin gidan sauro, a sa ɗan tsinke a tsaye. Kullum a ba ta sabon ganyen tsiron da aka same ta a kai, ba wani ba, a zubar da kashinta, domin shi ke jawo fumfuna. A ɗora kwalbar a faranti mai ruwa saboda kiyashi, a inuwa. A rubuta ranar da ta rataye ta daina ci da ranar da ta fito da fukafukai, a ɗauki hoto, a sake ta. Ku gwada ta tumfafiya, ta lemun tsami da ta tafasa.

In dole sai an adana, masu laushin jiki a sifirit mai ƙarfin kashi 70. In na kashi 95 kuka samu, awo 3 na sifirit, awo 1 na ruwa. Takardar bayani da fensir, a cikin kwalbar. Malam-buɗe-littafi ba a sa shi a ruwa, a ninke fukafukansa a ambulan, a ajiye a roba mai murfi tare da kafur da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Da dare a rataya farin zane, a haska shi da fitilar sola, daren da ba farin wata ya fi. Amma kada a murje ƙwaro a jikin fata, hangara tana zuwa wurin haske, ruwanta yana sa fata ta yi bororo. A hure ta kawai.

Ɗan'uwa daga Nguru:
Kan iNaturalist, Malam, ina kyautata zaton kun bar gurbin suna ba komai. Masu tantancewa suna bincike ne ta rukuni, abin da ba a sa masa ko da babban rukuni ba ba ya zuwa gabansu. Ku rubuta Plantae in tsiro ne, Lepidoptera in malam-buɗe-littafi ne, Odonata in mazari ne. Halitta ɗaya a shigarwa ɗaya, duk hotunanta a ciki. Hoton da ɗalibi ya turo ta WhatsApp yakan rasa kwanan wata da wuri, sai dai ya turo shi a matsayin fayil. Darbejiya ko mangwaron da aka dasa a makaranta a sa masa alamar shuka ce. Kuma kada yara su riƙa danna amincewa da sunan da ba su tabbatar ba, domin in sama da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda, bayanin yana wucewa rumbun bayanan halittu na duniya, GBIF, inda masu bincike ke ɗiba. In kun ga sheƙar ungulu ku ɓoye ainihin wurin, masu farautarta sun yi yawa, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Ku ware hanya ɗaya mai tsawon mita 500, ku bi ta sau ɗaya a mako, lokaci ɗaya, kuna ƙirga abin da ke cikin mita 2 da rabi dama da hagu. Ranar da ba ku ga komai ba ma ku rubuta. Ku nemi izinin maigari da masu gonaki tukuna. Takalmi rufaffe dole ne, kada a ɗaga dutse ko kututture da hannu saboda kububuwa da kunama, kuma kada yara su shiga ruwan fadama saboda tsargiya.

Malamin Bayoloji, Haɗeja:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura tambaya ɗaya, Hajiya: bayan sun bushe, a ina za mu ajiye su ƙwari ba su ci ba?

Hajiya Malamar Tsirrai, Zariya:
A manna kowanne a farin kwali mai kauri, santimita 29 da 42, da 'yan siraran takarda masu gam, ko a ɗinke kaurin reshen da zare. Ban da salatif, yana yin ja ya saki. Takardar bayani a ƙasa ta hannun dama, abin da ya zube a ƙaramar ambulan a manna a gefe. In akwai mai firiza da ke samun wuta, a ƙulle su a leda a sa su kwana 3 zuwa 7, a bar ledar a ƙulle har ta huce kafin a buɗe. Sannan a jera su a kwance cikin akwatin ƙarfe da kafur, a ɗora akwatin a kan bulo nesa da bango saboda gara. A riƙa dubawa duk wata. In kun ga gari-gari a ƙarƙashin fure, ƙwaro ya shiga, a ware wannan nan take a mayar da shi firiza.