Manyan tayoyi a baya: su ne ke rage wa mota totur, ko sensa ce?

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Saboda ramukan layinmu a Hotoro na cire tayoyin bayan Corolla ɗina, 195/65 R15, na sa 205/70 R15 don ta ɗan tashi. Tun lokacin, fitilar nan mai hoton mota tana santsi take ƙiftawa, wani lokaci in taka totur in ji kamar an riƙe ta. Wanda ya sayar min a Ƙofar Ruwa ya ce taya ba ruwanta da lantarki.

Mai Faci: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka. Taya roba ce, ba wayar lantarki a jikinta. Kullum sai na sa wa mutane manya a baya, har masu lodi zuwa Haɗeja, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Sensa ce ta sha laka, a wanke ta.

Rewaya: Oga, ina ganin girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Motocin lodin da kake faɗa tsofaffi ne, yawancinsu ba su da wannan na'ura mai hana taya ɓarin juyi a santsi. Alhaji, fitilar ƙiftawa take ko tsayawa take a kunne?

Baban Khadija: Ƙiftawa take, ta ɗauke.

Rewaya: To ai na'urar lafiyarta ƙalau, aiki take yi. Da sensa ce ta mutu, fitilar tsayawa za ta yi, sau da yawa har da ta ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Kowace ƙafa akwai sensa mai ƙirga juyinta, kwamfutar mota kuma tana gwada huɗun da juna. Ba ta ganin kwalta, ba ta ganin ruwa, da ƙirgen nan take gane santsi. Corolla da gaba take ja. In ta ga na gaba sun fi na baya gudu, sai ta ɗauka suna ɓarin juyi a santsi, ta rage totur ko ta taɓa birkin ƙafar.

Malam na Lissafi: Bari in sa lamba a kai. 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma rim ne a inci. Tsayin ta asali gaba ɗaya kusan milimita 635, sabuwar kuwa 668. A kilomita ɗaya ta gaba za ta juya kusan sau 502, ta baya 476. Bambancin ya ɗara kashi 5 cikin ɗari, kuma a busasshiyar hanyar Zariya ma haka kwamfutar za ta riƙa gani, babu ɗigon ruwa.

Mai Faci: Malam, lissafin allo daban, titi daban. Marsandi da BMW nawa ne suke zuwa daga kamfani da na baya sun fi na gaba? Me ya hana su rikicewa?

Malam na Lissafi: Faɗi suka fi, ba tsayi ba. Ɗauki 225/45 R17 a gaba da 245/40 R17 a baya: 634 da 628, tazarar kashi 1 kacal. Sun ƙara faɗi sun rage gefe, kuma an tsara kwamfutar a kan haka tun daga kamfani.

Hajiya Maman Abba: Ni dai tawa tambayar, ba akwai maɓallin kashe abin ba? Direbana kashewa yake yi in za mu fita daga yashi.

Rewaya: Hajiya, a yashi ko taɓo ya yi daidai, don a nan ana so ƙafa ta ɗan juya ta fita. Amma a mayar da shi maganin kullum, a'a. Birkin ABS da na'urar da ke hana mota juyewa a kwana, wadda Toyota ke kira VSC, Honda kuma VSA, da waɗannan sensoshin suke aiki. Kin kashe mai ƙara, kin bar sauran suna karɓar labarin da ba daidai ba. Ruwan Agusta in ya kwanta a ƙasan gadar Kabuga, lokacin ake neman su.

Mai Faci: Na ji. To ya sa manyan a huɗun duka, magana ta ƙare. Duk su juya tare.

Rewaya: Wannan kam ka kusa. Ƙiftawar za ta iya dainawa. Sai dai maleji zai riƙa rage maka: yana nuna 100 kana 105. Mota ta tashi sama, taya za ta iya gugar madigadi in an karya sitiyari da lodi. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kar tsayin taya ya ɗara na ta asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Mai Faci: Kusan kashi 2 daga cikin 3 ɗin ka ai sabuwa da suɗaɗɗiya ma sun ba da shi. Zanen sabuwa kusan milimita 8 ne, ta cinye ta koma ƙasa da 2. Ga wanda ke yawo da ƙafa ɗaya ba iska. Wannan ya fi yawa a garin nan, kuma ba mai maganarsa.

Malam na Lissafi: Wallahi nan ka fi mu gaskiya. Shi ya sa ake barin 'yar tazara a na'urar. Masu Highlander da RAV4 masu jan ƙafa huɗu su fi kula, su bayan fitila har giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana wahala.

Baban Khadija: To yanzu ina mafita? Ramukan suna nan fa.

Rewaya: Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, lambar taya da gejin iska suna kai. Ka koma kanta. In da hali ka mayar wa wanda ya sayar maka da biyun ya canza maka.

Mai Faci: Ni har yanzu ina kan bakana, huɗu iri ɗaya masu ɗan tsayi sun fi dacewa da layukanmu. Kawo ta gobe da safe Alhaji, mu sa 195 a baya mu zaga Ring Road, in fitilar ta sake ƙiftawa a duba sensa.